Tarihin Gasa da Babakere a Cinikin Auduga da Gyaɗa a Ƙasar Gusau

Dokar gasa ita ce dokar da ke hana 'yan kasuwa haɗa baki kan farashi ko yin babakere a kan wata haja. Amurka ta kafa tata, dokar Sherman, tun 1890. A ƙasar Gusau kuwa an daɗe hukuma da kanta ce ke tsare babakeren.

Da jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe, ya zarce Kaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa. A shekarar ce aka kafa kamfanin UAC ta hanyar haɗe manyan kamfanonin Turawa, masu saye suka ragu. Gurzar auduga kuma tana hannun ƙungiyar Turawa ta BCGA. Manomin Bungudu zai ɗora buhunan audugarsa bisa jaki ya kai fuloti, malamin awo ya duba ya yanke mata daraja, a aza kan sikeli, a biya shi abin da aka riga aka tsayar. In bai yarda ba, babu wani mai saye na biyu da zai nufa.

A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga, a 1954 suka koma ƙarƙashin hukuma guda ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kafin kaka, wakilai masu lasisi kaɗai ke saya mata. An ce manufar ita ce kare manomi daga faɗuwar kasuwar duniya, kuma rarar kuɗin ta yi ayyukan raya ƙasa. Amma guminsa ne aka tara, ba tare da an shawarce shi ba.

Gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin a 1986, sai dai ba ta kafa dokar gasa a madadinsu ba, wannan kuwa babban giɓi ne. Dillalai da masu ba da bashin taki suka maye gurbinsu, ingancin iri ya lalace, masaƙar Gusau ta durƙushe daga baya.

Sai a farkon 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta haramta haɗa baki kan farashi, kuma a 2024 hukumar ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220. Ƙarfinta ya fi bayyana a Abuja da Legas. A kasuwannin hatsi na Tsafe da Bungudu, rashin tsaro a hanya ya rage masu zuwa saye, 'yan kaɗan da suka iso su ke faɗin farashi.