Iskokin Adar: Daga Girka Zuwa Ruƙiyya

Yankin duwatsun Adar da kwarin Majiya, inda gundumomin Madawa, Buza da Keita suke a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, yana cikin wuraren da bori ya yi kaka-gida tun kafin Musulunci ya game karkara. Bori shi ne hulɗar da ake ƙullawa da iskoki, wato halittun ɓoye da aka yi imani suna hawan mutum, shi ya sa ake kiran namijin da suka hau doki, mace kuma goɗiya. A wurin Azna, manoman da suka riƙe tsafin kakanninsu, iska maƙwabciya ce da ake yi wa yanka domin samun damina da haihuwa, ko da yake tana iya sa ciwo idan aka yi mata laifi.

Saboda wannan fahimta, maganin wanda iska ta taɓa shi ne girka, wato keɓe majiyyaci na wasu kwanaki ana ba shi saiwoyi da turare har ya san iskokin kansa, ya koyi zama da su. A ranar wasa mai goge yakan ja taken iska, ’yan ƙwarya suna amsawa, sai doki ya faɗi ya tashi da wata murya, a sa masa tufafin wanda ya hau shi. Idan Malam Alhaji ne, sai a ga tsoho mai tari yana jan carbi, idan kuwa Kure ne, sai a ji gurnani irin na kura, kuma atishawa ce alamar saukarsa.

Yawan iskokin ya riƙa ƙaruwa da sauyin zamani, domin mamayar da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya yi wa Adar a ƙarshen ƙarni na 17, da zaman Abzinawa, da jihadin 1804, duk sun bar iskokin Buzaye, Fulani da malamai a cikin bori. Wajen 1925 kuma aka sami Babule a ƙasar Kurfai, iskokin da ke kwaikwayon sojojin Faransa, waɗanda daga baya suka bazu gabas har zuwa Adar. Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta yi bincike a Adar, ta wallafa littafi kan wannan bori a 1989.

Malaman jihadi sun yi hani da bori, kuma ƙungiyar ’Yan Taru ta Nana Asma’u ta jawo mata zuwa karatu, sai dai bazuwar wa’azi a ƙarshen ƙarni na 20 ce ta fi sauya matsayin iskoki, inda aka koma kallonsu a matsayin aljanu maƙetata da ake fitarwa ta hanyar ruƙiyya, wato karanta wa majiyyaci ayoyin Alƙur’ani. Da wannan sauyi ne labarin shafar aljanu ya zama na ban tsoro zalla, kusa da tsarin The Exorcist, littafin William Peter Blatty na 1971 wanda aka mayar fim a Amurka a 1973. Finafinan Kano masu aljanu suna samun karɓuwa a garuruwan Adar ne domin masu kallo sun riga sun san iskokin da sunayensu, kuma ciwon da ya gagari asibiti, da rashin haihuwa, da mutuwar aure, har yanzu a kansu ake ɗora su.