Dokar "sayi na gida" a Amurka: abin da ta ƙunsa da masu sa ido a kanta

A Amurka, da zarar kuɗin gwamnatin tarayya sun shiga aikin hanya, gada, bututun ruwan sha ko layin intanet, ɗan kwangila ba shi da damar sayo ƙarfe daga duk inda ya ga ya fi araha. Doka ta wajabta masa aiki da kayan da aka ƙera a cikin ƙasar. Hujjar ita ce kuɗin harajin jama'a su koma ga masana'antu da ma'aikatan gida. Rubuta wannan a takarda abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen gane asalin kowane rodi da kowane famfo, da sanin wanda zai bincika.

Asalin dokar

Dokoki biyu ne masu suna kusan iri ɗaya, ana yawan rikita su. Ta farko, "Buy American", shugaba Herbert Hoover ya sa mata hannu ranar 3 ga Maris 1933, ana gobe zai sauka daga mulki, lokacin da rashin aiki ya yi wa ƙasar katutu. Ita ta shafi abin da gwamnatin tarayya take saye da kanta. Ta biyu, "Buy America", ta samu gindin zama a dokar sufuri ta 1982, kuma ta shafi kuɗin da tarayya take ba jahohi da birane su yi hanyoyi da sufurin jama'a.

A ranar 15 ga Nuwamba 2021 shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan babbar dokar ayyukan raya ƙasa ta kimanin miliyar 1,200 na dala (dalar Amurka, ba dalar da muke ƙirga sefa da ita a kasuwa ba). A cikinta akwai sashen da ake kira "Build America, Buy America", wanda ya faɗaɗa sharaɗin zuwa kusan duk wani gini na amfanin jama'a da tarayya ta tallafa: ruwa, lantarki, tashoshin jiragen ruwa da na sama, madatsun ruwa da sauransu. Ya soma aiki ranar 14 ga Mayu 2022.

Wane kaya ne "na gida"?

Dokar ta 2021 ta kasa kaya gida uku. A nan ne mafi yawan gardama take.

Ƙarfe shi ya fi tsauri. Dole ne a yi dukkan aikinsa a Amurka, tun daga narkawar farko har zuwa shafa masa abin hana tsatsa. Wanda aka narka a wata ƙasa, aka kawo aka lanƙwasa a Amurka, bai shiga ba.

Kayan da aka harhaɗa a masana'anta, kamar injin famfo ko fitilun hanya, sai an ƙera su a Amurka, sannan kuɗin sassan da aka yi a gida su haura kashi 55 cikin 100 na kuɗin dukkan sassan. Wato injin na iya ɗauke da wani sashe na Jamus ko na China, muddin lissafin ya tsaya. Motocin bas da taragan jirgin ƙasa da ake saye da tallafin tarayya suna ƙarƙashin wata doka dabam, mai neman sama da kashi 70 tun daga 2020.

Na uku su ne kayan gini irin su gilashi, katako, roba, tagulla da wayar intanet ta zaren gilashi. Abin lura shi ne siminti, yashi, tsakuwa da duwatsu ba sa cikin wannan jeri, majalisa ta cire su da gangan.

Ƙofar sassauci

Ma'aikatar da ta ba da kuɗin tana iya ɗage sharaɗin bisa dalilai uku: idan ba a yin kayan a Amurka da yawa ko da ingancin da ake buƙata, idan sayen na gida zai ƙara wa aikin gaba ɗaya sama da kashi 25 cikin 100, ko idan bin sharaɗin ya saɓa wa maslahar jama'a. Wannan na ƙarshen ya fi faɗi, shi ya sa aka fi sa masa ido.

Ba a ɗagewa a ɓoye. Sai an wallafa buƙatar, an ba jama'a aƙalla kwana 15 su yi magana. Mai masana'antar da ke yin kayan da aka ce babu yana da damar fitowa ya ce ga shi. Daga nan takardar ta wuce ofishin "Made in America", wanda aka kafa a Janairun 2021 a ƙarƙashin ofishin kasafin kuɗi na fadar White House.

Dalilin wannan tsaurin yana cikin tarihi. A 1983 hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ta ɗage sharaɗin ga dukkan kayan masana'anta in ban da na ƙarfe, kuma sassaucin ya zauna sama da shekara 40. Sai a Janairun 2025 aka fitar da ƙa'idar soke shi daki-daki. Dokar 2021 ta ce daga yanzu duk wani sassauci na bai-ɗaya sai an sake duba shi bayan kowace shekara 5.

Wa ke bincike?

Babu wata runduna ta masu bincike da ke zagaya wuraren gini tana duba kowane ƙarfe. Tsarin ya dogara ne a kan takarda. Masana'anta ta ba da shaidar inda aka yi kayan, ɗan kwangila ya ajiye, jaha ko birnin da ya karɓi tallafin ya ɗauki alhakin tabbatarwa. A sama da su akwai babban sufeto na kowace ma'aikata, da hukumar GAO mai bincike a madadin majalisar dokoki. Idan an samu saɓani, tarayya tana iya hana biya ko ta nemi a mayar mata da kuɗinta. Ga motocin bas da taragai ana bincike sau biyu, kafin ba da kwangila da bayan kawo kaya.

Raunin a bayyane yake: takarda tana iya yin ƙarya. Abin da ya fi tsorata ƴan kwangila shi ne wata tsohuwar doka ta 1863 a kan zambar kuɗin gwamnati. Wanda ya ba da shaidar ƙarya yana iya biyan ninki uku na asarar da ya jawo, wanda ya tona asirin kuma ya shigar da ƙara yana samun kashi 15 zuwa 30 na abin da aka ƙwato. Da haka akawun kamfani ko mai kula da sito ya zama mai sa ido ba tare da gwamnati ta ɗauke shi aiki ba. A 2016 wani kamfanin gine-gine na jahar Wisconsin ya amince ya biya dala miliyan 3, bayan an gano yana sake wa kayan waje mazubi don su yi kama da na gida.

Akwai kuma hanyar kaucewa wadda doka ba ta hana ba. Sharaɗin yana bin kuɗin tarayya ne. Jahar Kaliforniya ta gina sabon ɓangaren gadar San Francisco zuwa Oakland, wanda aka buɗe a 2013, da manyan ƙarafan da aka ƙera a Shanghai, saboda ba ta sa kuɗin tarayya a wannan sashen ba.

Masu goyon baya, musamman ƙungiyoyin ƙwadago da masana'antun ƙarfe, suna cewa dokar tana riƙe ayyukan yi. Masu suka suna cewa tana tsadar da aiki tana kuma jinkirta shi, ƙananan garuruwa kuwa ba su da ma'aikatan bin diddigin takardu. Kanada ta sha kokawa da ita, har ƙasashen biyu suka yi yarjejeniya ta musamman a 2010.

Bambanci da namu

A yankin UEMOA, wanda Nijar take ciki, ƙa'idar kwangilolin gwamnati ta 2005 ta bi wata hanya dabam. Ba ta haramta kayan waje ba, fifiko take bayarwa: wajen gwada farashi, ana iya yi wa kamfanin yankin rangwamen da bai wuce kashi 15 cikin 100 ba. A Nijar hukumar ARCOP, wadda a da ake kira ARMP, ita ke daidaita harkar, kuma wajenta ɗan kwangilar da yake ganin an zalunce shi yake kai kuka. Aikin da aka yi da bashin Bankin Duniya kuwa yakan bi ƙa'idojin bankin.

Mai son kwaikwayon tsarin Amurka sai ya duba abin da ƙasa take iya ƙerawa. Su ƙarfe suka fi karewa, suka bar siminti. Mu kuwa simintin Malbaza da tsakuwa da ƙarfin ma'aikata su ne abin da muke da shi a hannu, ƙarfen gada da injuna daga waje suke zuwa.