Jirgin Saman da Aka Zana a Labule: Tarihin Masu Hoto a Wunti

Bayan rasuwar gwaggonmu bara, da aka zo buɗe adakarta don rabon gado, sai aka tarar da wata tsohuwar gwangwanin biskit a can ƙasan zannuwa. Kowa ya ɗauka 'yan kunne ne ko tsabar kuɗi. Da aka buɗe, hotuna ne, sun kai arba'in, yawancinsu baƙi da fari. A cikinsu akwai na mahaifinmu yana saurayi, da wando fantalo da gashi buzu-buzu, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala, ga jirgin sama a bayansa kamar yanzu ya sauko daga ciki. Yara suka hau tambaya, ashe Baba ya taɓa fita waje tun yana yaro? Babban yayanmu ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wane waje? Nan ne bakin kasuwar Wunti, jirgin kuwa zane ne a jikin labule. Baba bai taɓa shiga jirgi ba sai da ya je Makka, ya haura hamsin.

A bayan hoton akwai hatimin shagon, ya dushe amma ana iya karanta shi. Na bi sawu. Wurin yana nan, sai dai yanzu caja da murfin waya ake sayarwa a ciki. Wani dattijo mai ɗinki a kusa ya gaya mini mai shagon ya koma garinsu da daɗewa, kuma lokacin da za a kwashe kayansa an fito da kwalaye cike da nagatif, suna wani irin warin tsami, aka kai su bola aka cinna musu wuta. Ya faɗi haka ne ba tare da wata damuwa ba, kamar mai ba da labarin shara. Ni kuwa sai da na nemi wuri na zauna, don abin da ya ƙone a ranar nan fuskokin unguwar nan ne na shekara da shekaru.

Bauchi ta girmi kyamara. Sarki Yakubu na ɗaya, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, aka zagaye shi da ganuwa da ƙofofi, ciki har da Ƙofar Wunti da muke amsa sunanta. Ba mu da hotonsa, ba mu da na waɗanda suka gina ganuwar. Kyamara ta shigo ne tare da Turawa, waɗanda suka ci garin a 1902, kuma abin da ya dame su shi suka ɗauka: sarki da fadawansa, hawan salla, gidan Razdan, dawakai. Talaka in ya fito a irin waɗannan hotuna, to ɗan dako ne a gefe, ko taron jama'a da ba a san sunan kowa ba. Kakanninmu da suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau da fatauci, suka sauka a nan suka yi gida, ba su cikin lissafin.

Sai wajen samun 'yancin kai ne hoto ya fara saukowa ƙasa. Ɗan garin nan, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zama Firayim Minista, hotonsa da rawani ya shiga jaridu da kalanda, har mujallar Time ta Amurka ta sa shi a bangonta a watan Disamba na 1960. Wannan ya rage wa mutane ƙyamar abin, ko da yake malamai ba su daina muhawara a kai ba, kuma akwai dattawan da har suka koma ga Allah ba su yarda an ɗauke su ba. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a farkon shekarun 1960, ya ƙara kawo baƙi da kaya. Masu hoton farko da dattawanmu suke tunawa yawanci 'yan Kudu ne, Yarbawa da Ibo, a wurinsu yaranmu suka koyi sana'ar, daga share shago da riƙe fitila har su kai ga shiga ɗakin duhu.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin duhu ba ba zai gane dalilin da ya sa yara suke ɗaukar mai hoto kamar wani boka ba. Ƙaramin ɗaki ne, an toshe kowace kafa, sai jan ƙwai guda ɗaya. Ga faranti uku da ruwan magani. Za a haska nagatif a kan farar takarda na 'yan daƙiƙu, a tsoma ta a farantin farko, kana kallo sai ka ga idanu sun fara fitowa, sai hanci, sai hula, mutum ya bayyana daga babu. A tsoma a na biyu don a tsayar da aikin maganin, a na uku don hoton ya zauna, sannan a ɗauraye a shanya a igiya kamar wanki. Shi ya sa har yau muke cewa "wanke hoto", alhali injin da ke buga shi yanzu ko ɗigon ruwa ba ya taɓawa. Kyamarar da aka fi gani a lokacin ita ce irin Yashica mai ido biyu, wadda ake rataye ta a wuya a leƙa ta sama, fim ɗinta hoto 12 kawai yake ci. Daga baya ƙananan kyamarori masu cin 24 ko 36 suka zo. Saboda haka ba a wasa da ɗauka. In ka ƙifta ido, haka za ka fito, haka jikokinka za su san ka.

Abin da ya raya sana'ar nan a gaskiya ba kwalliya ba ce, gwamnati ce. A watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro jihar Bauchi, garin ya zama hedikwata, ma'aikatu suka buɗe, kowane mai neman aiki sai ya manna fasfo a takardarsa. A shekarar ce kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, yara suka cika makarantu, kuma ba a daɗe ba kowannensu ya buƙaci hoto don jarrabawa. Kuɗin man fetur ya sa aikin hajji ta jirgi ya yawaita, maniyyaci kuwa ba shi da hanya sai da hoto. Nan ne dattawa da yawa masu ƙin kyamara suka sassauta, tunda larura ce. Mata da yawa na cikin kulle, hotonsu na farko, wani lokaci ma na ƙarshe, shi ne na fasfon Makka. Da siyasa ta dawo a 1979, zamanin Gwamna Tatari Ali, sai ga fasta da katin jam'iyya. Fasfo huɗu-huɗu shi ne tuwon mai hoto na yau da kullum, hoton salla da na biki su ne miya.

Amma labulen nan shi ya fi tsaya mini a rai. Kowane shago yana da nasa: jirgin sama, bene mai hawa uku, lambu da furanni, wani ma teku da jirgin ruwa, a garin da ruwansa bai wuce rafi da rijiya ba. Ga kayan aro: tarho marar waya, rediyo, agogon hannu, tabarau, furen roba, wani lokaci babur da ba ya tashi. Ɗan dako zai wanke jikinsa ranar salla, ya ari kwat, ya riƙe tarho a kunne, ya aika hoton ƙauye. Su ma na ƙauyen sun san ba nasa ba ne. Ba yaudara ake yi ba, wasa ne da kowa ya san ƙa'idarsa, kamar yadda in an ce "ga ta nan ga ta nanku" ba wanda zai tsaya tambayar ko da gaske gizo yana magana.

Ina ganin labulen mai hoto ɗan'uwan littattafan da muka karanta a firamare ne. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933, wadda aka buga littattafanta a 1934, an sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ganɗoki jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa, da ƙasa ta gagare shi sai labarin ya ɗauke shi ya kai shi duniyar aljannu, inda takobinsa yake da sauran amfani. Saurayin Wunti da birni ya nuna wa mota da bene ya hana shi, shi ma ya sami inda zai mallake su na minti biyar a kan kuɗi kaɗan. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, Sory Sanlé yana da labulen jirgin sama kusan irin namu. A Gana, Philip Kwame Apagya ya yi suna da labule mai firji cike da abinci da talabijin. A Bamako kuwa Seydou Keïta da Malick Sidibé sun adana nagatif ɗinsu a kwalaye, har Turawa suka zo suka gani, hotunan suka zaga gidajen tarihi na duniya. A 2007 aka ba Sidibé babbar lambar yabo ta bikin zane-zane na Venice a Italiya. Ban ce masu hotonmu sun kai su gwaninta ba, wasu dai na tabbata ba su gaza ba. Bambancin shi ne nasu kwalayen sun tsira.

Faɗuwar ta zo a hankali. Hoto mai kala ya yaɗu a shekarun 1980, shi kuma ba a wanke shi a faranti, sai an kai babban inji, don haka mai shago ya koma ɗan aike tsakanin mai biki da masu injin. Sannan ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 a zamanin Babangida, naira ta faɗi, fim da takarda da magani kuwa duk daga waje suke zuwa, Kodak ne ko Fuji ko Agfa ko Konica. Wayar salula ta shigo a 2001, ba a jima ba ta zo da kyamara a jikinta. Gwamnatin da ta raya fasfo ita ce kuma ta rage masa kasuwa, don yanzu katin zaɓe da katin ɗan ƙasa da fasfon tafiya duk a ofis ake ɗaukar mutum da kwamfuta. Kamfanonin ma sun durƙushe: Konica ta bar harkar fim, Kodak da kanta ta shiga neman kariya daga masu binta bashi a Janairun 2012.

Warin tsamin da mai ɗinkin nan ya ambata yana da dalili. Yawancin nagatif na wancan zamani an yi shi ne da wani irin roba da zafi da laima suke ruɓar da shi, ya riƙa fitar da tsami, ya nannaɗe, ya manne da juna, kuma wanda ya kamu yana shafa wa na kusa da shi. Ɗakin kwano a watan Afrilu na Bauchi, sannan damina ta biyo baya, ba abin da ya fi wannan saurin kashe shi. Hotuna masu kala su ma suna komawa ja-ja ko ruwan ɗorawa. Abin mamaki, baƙi da farin da aka wanke da kyau ya fi su ƙarko, shi ya sa hoton kakanka na 1965 ya fi na aurenka na 1995 kyan gani.

Kada a ce wannan sakacin talaka ne kawai. Littafin Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, wanda shi ma ɗan gasar 1933 ne, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976 da kuɗin gwamnatin tarayya, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, har ana zaton ya tafi ke nan. Sai a 2016 aka gano nagatif ɗinsa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Labarin da ɗan Bauchi ya rubuta, wanda kabarinsa yake nan cikin gari, sai da ya bi ta Jamus kafin ya dawo. In haka ta sami fim ɗin Firayim Minista, ina ga kwalin mai hoton bakin kasuwa?

Yanzu ga Wunti tana sake kama a gabanmu. An hana acaɓa a 2020, Keke Napep ya cika titi. Gwamnatin Bala Muhammad ta kawo gadar sama, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a shataletalen nan da yamma ya san ana bukatar sauƙi. Ba ni da ja a kan wannan. Abin da nake tambaya shi ne, wa ya ɗauki hoton wurin kafin a fara? Na san dubban wayoyi sun ɗauka, amma ina suke? Waya ta faɗa ruwa, an sace wata, an goge wata don a sami wurin bidiyon biki. Ya kamata ya zama doka cewa duk aikin da zai sauya fuskar unguwa, hukumar raya birane ta ɗauki hoton kowane layi da kowane shago tukuna, ta buga a takarda, ta ajiye kofi a ɗakin karatu na jiha da gidan tarihin da ke kabarin Tafawa Ɓalewa. Kuɗin bai kai na buhunan siminti kaɗan ba.

Kafin gwamnati ta ji, akwai abin da ya rage namu. A fito da gwangwanayen nan daga ƙasan adaka tun tsofaffin da za su iya cewa "wannan wance ce, 'yar gidan wane" suna raye. A rubuta suna da shekara a bayan kowane hoto da fensir, ba da biro ba, don tawada tana cin takarda. Kada a liƙe shi da roba mai zafi irin ta katin shaida. A raba nagatif mai wari da mai lafiya, a sa a ambulan na takarda, a ɗaki mafi sanyi a gidan. Wanda ya san tsohon mai hoto, ko 'ya'yansa, ya je ya tambaya ko akwai sauran kwali.

Mu dai a cikin hotuna arba'in ɗin gwaggo, mun gane mutum ashirin da shida. Sauran mun kai wa wata tsohuwa maƙwabciyarta, ta sa tabarau ta gano biyar, har da kishiyar kakarmu da ba mu taɓa jin an yi ta ba. Tara suna nan a gwangwanin, ciki har da wata yarinya mai kitson shuku da ta tsaya gaban jirgin nan na Baba, ta riƙe jakar hannu da ta fi ƙarfinta.