Ƙaro: Daga Tawadar Allo Zuwa Ɗaurin Rauni

Duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada a Kano, ko a zangon Tamale, ya san aikin ƙaro tun kafin ya ji kalmar "polima". Idan aka niƙa gawayi aka jiƙa shi da ruwa kaɗai, rubutun zai kakkaɓe da zarar ya bushe. Ƙaro ne ke riƙe baƙin a jikin allo, ya bar masa ɗan sheƙi. Malaman da suka bi fataken goro daga ƙasar Hausa zuwa Salaga sun tafi da wannan sani, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892, da mayar da Tamale hedikwatar Turawan Ingila a arewacin ƙasar a 1907, makarantun allo suka ƙara yawa a zangunan yankin.

Ƙaro mafi daraja daga itacen dakwara yake fitowa, bayan an tsaga ɓawonsa da rani. A kimiyyance, dogayen sarƙoƙin sukari ne masu rassa, haɗe da ɗan furotin. Yawan rassan nan ya sa yake narkewa sosai a ruwa ba tare da ya yi kauri kamar kuka ko kuɓewa ba.

Wannan hali ne ya kai shi fagen fama. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin da suka zubar da jini kan mutu ko da an ɗura musu ruwan gishiri, domin ruwan na tsiyayewa daga jijiyoyi cikin ɗan lokaci. Masanin aikin jiki William Bayliss, na Landan, ya ba da shawarar a narka ƙaro kashi 6 cikin 100 a ruwan gishirin, don manyan ƙwayoyinsa su tsare ruwan a cikin jijiya. An yi amfani da shi a asibitocin soja a Faransa, ya kuma wallafa littafi a kai a 1918. Sai dai nasarar ba ta ɗore ba. A shekarun 1930 likitoci suka gano cewa jiki ba ya iya sarrafa ƙaron da aka ɗura masa, yana taruwa a hanta, sannu a hankali aka daina.

Komawarsa likitanci ta wata ƙofa ta biyo. A 1960 Otto Wichterle da Drahoslav Lím, a Prague, suka bayyana haidirojel, wato abu mai laushi da ke shan ruwa ya kumbura amma ba ya narkewa. A 1962 George Winter ya nuna, ta gwaji a fatar alade, cewa raunin da aka rufe yana da damshi ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari iska ta busar. Wannan ya saɓa wa abin da kowa ya ɗauka, har likitocin kansu, cewa ciwo sai ya sha iska. Daga nan aka shiga neman abin rufe rauni mai riƙe damshi, wanda ba zai ɗaye sabon nama ba ranar kwancewa.

Ƙaro shi kaɗai bai isa ba. Idan ya bushe yanarsa na tsagewa, idan ta jiƙa kuma sai ta narke. Shi ya sa masu bincike ke gauraya shi da aljinet na ciyawar teku, ko kitosan na ɓawon jatan lande, ko jelatin, a ƙara gilisarin don taushi. Ƙaro na ɗauke da caji mara kyau, kitosan kuma mai kyau, sai su kama juna su yi raga. Yawancin wannan aiki har yanzu a ɗakin gwaji yake. Ɗaurin aljinet ne ya riga ya shiga asibitoci.

Sudan ce kan gaba wajen fitar da ƙaro, Cadi da Najeriya na biye, kuma akwai tashar bincikensa a Gashuwa, jihar Yobe. Amma akasarinsa ɗanye ake sayarwa, a tace shi a Turai, musamman Faransa, ya fito gari mai lambar E414. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tayar da hankalin masu saye, ya sa suka ƙara waiwayar kasuwannin Cadi da arewacin Najeriya.