FARIN GASHIN TSUNTSU DA TAMBAYAR 1903: WANE NE MATSORACI?

Maƙalarmu ta wannan mako za ta faro daga wani tsohon fim na Ingila, ta dire a ƙofar gidanmu.

A 1939 aka fitar da The Four Feathers, wanda Zoltan Korda ya ba da umarni, daga littafin A.E.W. Mason na 1902. Labarin wani hafsa ne, Harry Faversham, da ya ajiye aikin soja ana jajibirin tura rundunarsu yaƙin Sudan. Abokansa uku suka aika masa da farin gashin tsuntsu, wanda a al'adarsu alamar ragwanta ce, na huɗu kuma ya fito ta wajen budurwarsa. Kunya ta sa ya ɓad da kama ya bi su Sudan, ya ceci rayukansu, ya mayar wa kowa da gashinsa.

Fim ɗin bai damu da waɗanda aka je yaƙa ba. A Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, bindigogin Kitchener sun kashe mabiya Mahdi kimanin 10,000, su kuwa nasa da suka mutu ba su kai 50 ba. A wurin Faversham tambayar mai sauƙi ce: ya je ko kada ya je. Kakanninmu da irin wannan bindiga ta tunkaro bayan shekara biyar, tasu tambayar ta fi nauyi, domin gidajensu da iyalansu ne a bayansu.

Bayan faɗuwar Kano a Fabrairun 1903, Waziri Ahmadu ya tari Turawa a Kwatarkwashi, ya faɗi a fagen daga. Sarki Alu kuwa ya bar runduna da dare, aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lokoja.

A Sakkwato an gwabza a Giginya ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da ɗimbin jama'a. Turawa suka cim masa a Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, shi ma jagoransu Manjo Marsh a nan ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa Sudan, kuma har gobe akwai garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Waziri Buhari ya komo gari ya sasanta da Turawa. Abin ya tsaya masa a rai har ya rubuta wa malamai risala yana kafa hujja: idan shugabanni duka suka tafi, wa zai tsare wa talakawa sallarsu da shari'arsu?

Katsina ba ta ɗaga takobi ba. Sarki Abubakar ya karɓi Lugard a watan Maris, garin bai ƙone ba, amma hakan bai hana Turawa tuɓe shi daga baya ba.

Mu da ke Gangara, tsakanin Katsina da Maraɗi, mun san wannan gardama tun kafin zuwan Bature. Lokacin jihadi gidan sarautar Katsina na Haɓe ya bar birni ya yi arewa, a ƙarshe ya kafa Maraɗi. Wasu sun kira shi gudu, amma daga can suka shafe shekaru masu yawa suna kawo wa Katsina yaƙi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

To, wa za a aika wa farin gashi? Wanda ya mutu ya bar mana abin alfahari. Wanda ya yi hijira ya ƙi zama ƙarƙashin baƙo. Wanda ya zauna ya haɗiyi wulakanci domin gari ya tsira, kuma yawancinmu jikokin waɗanda suka zauna ne. Ko Alu, da ya fi kowa shan zargi, a yi masa hukunci da sanin irin makamin da ke gabansa. Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Duk wanda ya ji wani labari daga bakin kakanninsa kan wannan zamani, ya kawo mana a ƙasa mu ƙaru. Allah Ya jiƙan magabata. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.