Hawan Sallah a Kano: kwanakinsa, asalinsa, da matsayin hakiman kudancin jihar a cikinsa

Hawan Sallah shi ne biki mafi girma da ake yi a birnin Kano. Sau biyu ake yin sa a shekara, a Ƙaramar Sallah bayan azumin Ramadan da kuma a Babbar Sallah ta layya, kuma kowanne yakan ɗauki kwanaki ana fita kan dawaki. A watan Disamba na 2024, a taron da ta yi a birnin Asunsiyon na ƙasar Faraguwai, hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada daga magabata.

Baƙon da ya zo kallo yakan ɗauka bikin mutanen cikin ganuwa ne. Ba haka abin yake ba. Kaso mai yawa na dawakin da ke cika filin Ƙofar Kudu, da mahayansu da makaɗansu, daga ƙasashen hakimai suke shigowa, har da na can kudu kamar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Hawan wata hanya ce da ƙasar Kano take zuwa gaban Sarki ta nuna mubaya'arta a bainar jama'a, kuma wannan ne dalilin da ya sa duk lokacin da aka taɓa iyakokin masarauta, hawan ne yake fara jin jiki.

Kwanakin hawa

Ranar farko ita ce ta Hawan Idi. Sarki yakan fito daga Gidan Rumfa a ƙafa, cikin fararen kaya, ya nufi filin Idi na Ƙofar Mata. Bayan an idar da salla sai ya hau doki, hakimai su ma su hau, a ratso unguwannin birni ana gaisawa da jama'a. A wannan rana ce Sarki yake yin jawabin Sallah, inda yakan ja hankali kan zaman lafiya da noma da karatun yara da duk abin da ya dami jama'a a shekarar.

Washegari da yamma ake Hawan Daushe, wanda shi ne masu kallo suka fi ɗoki. Sarki yakan fita ya kai gaisuwa Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar sarki, sannan ya zagayo ya ɓullo ta Ƙofar Kudu. Kafin isowarsa, hakimai sun riga sun wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa da tawagarsa: 'ya'ya da ƙanne cikin kaya iri ɗaya, dagatai, zagage riƙe da linzami, maroƙa suna zuba kirari, masu algaita da ganguna a biye. Tsarin wucewar ba na ganin dama ba ne. Kowace sarauta tana da gurbinta, kuma wanda ya san fada yana iya karanta darajar mutum daga inda aka sa shi a jeri. Idan aka ji bindigogin gargajiya sun fara tashi, tambari da kakaki sun ɗauka, to Sarki ya kusa. Sai ga 'yan lifidi da 'yan sulke, ga dogarai cikin ja da kore, ga laima tana juyawa a saman Sarki. A ƙarshe sai jafi: mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami su tsaya cak a gaban Sarki, su ɗaga hannu su yi jinjina. Wanda bai san abin ba zai ɗauke shi wasan gwaninta, alhali a asalinsa gwajin mayaƙa ne, kowa yana nuna wa Sarki cewa shi da dokinsa a shirye suke.

Game da sunan kuwa, masu ba da tarihi na baka suna cewa Daushe wani bawan sarki ne da rashin lafiya ta hana shi hawa ranar Idi, sai ya roƙi a sake fita washegari domin shi ma ya samu rabonsa, aka yi masa alfarma, abin ya zauna.

Rana ta uku da safe ake Hawan Nasarawa. Sarki yakan je gidansa na Nasarawa, inda kaburburan wasu daga cikin sarakunan da suka gabata suke, ciki har da na Alhaji Ado Bayero wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. Daga nan ya wuce gidan gwamnati ya gaisa da gwamna, sannan ya biyo ta Sabon Gari ya ga baƙin da ke zaune a ƙasarsa. Wannan hawa ɗan zamanin Turawa ne: Razdan ake kai wa ziyara a da, da mulkin mallaka ya kau sai gwamna ya gaji kujerar. Ana rufe bukukuwan da fita bayan gari, ko dai zuwa Ɗorayi ko zuwa Fanisau, gwargwadon wace Sallar ce. Fanisau tsohon sansani ne na Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846.

Daga ina abin ya samo asali

Galibin masu tarihi suna danganta kafuwar hawan da zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sarkin da ya gina fadar da har yau ake kira da sunansa, ya kuma shigo da abubuwa da dama na alfarmar sarauta. A wancan zamani doki shi ne ƙarfin yaƙi, kuma kowane mai sarauta yana da adadin mahayan da ake sa ran zai kawo idan an buga tambarin yaƙi. Ranar Sallah ita ce ranar da ake ganin ko ya cika alkawari.

Kalmar "daba" da ake ji a "hawan daba" baƙuwa ce. Turawan Ingila ne suka zo da ita daga Indiya, inda take nufin zaman fada, suka laƙaba wa taron dawakin da suke shiryawa domin manyan baƙinsu, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. An sake yin irinsa a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. Yana da kyau a bambance su: daba taro ne na musamman da ake shiryawa domin wani baƙo ko wani buki, Hawan Sallah kuwa yana da lokacinsa da hanyoyinsa, ko da baƙo ko babu.

Akwai kuma wani sauyi na zamanin Turawa da ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ya ba hawan siffar da muka sani a yau. Kafin 1903, yawancin manyan masu sarauta a cikin birni suke zaune, jakadunsu ne suke zagaya garuruwan da ke ƙarƙashinsu suna karɓo haraji. A zamanin Sarki Abbas, Razdan Cargill, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka tilasta wa kowane hakimi ya koma ya zauna a ƙasarsa. Tun daga lokacin Sallah ta zama lokacin dawowa. Har yanzu, idan Sallah ta gabato, majalisar masarauta takan fitar da sanarwa tana umartar hakimai su shigo birni da dawakansu da mahayansu kwanaki kaɗan kafin ranar Idi.

Tafiyar mutanen kudu

Ga hakimin da ƙasarsa take daf da birni, wannan umarni ba wani nauyi ba ne. Ga na kudu kuwa aiki ne ja. Bebeji, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma ƙasar da madatsar ruwa ta Tiga take, tana kusa da babbar hanyar Zariya, haka ma Ƙiru. Amma wanda zai taso daga Doguwa, wadda hedikwatarta take Riruwai a kan iyakar Kano da Kaduna da Bauchi, sai ya keta dajin Falgore, ya wuce Tudun Wadar Ɗankadai, ya faɗo Kwanar Ɗangora, kafin ya kama hanyar birni. A da a kan dawakin ake yin tafiyar, ana yada zango. Yanzu a manyan motoci ake loda su, tare da harawa da dusa da masu kula da su, a sauke su a gidan hakimi na birni ko a wani masauki.

Kuɗin duk wannan yana da yawa, kuma babu wanda zai so a ce tawagar ƙasarsa ce ta fi kowace ramewa. Akwai ɗinkin riguna da rawuna, akwai gyaran sirdi da likkafa da jalala, akwai ciyar da mutanen da suka biyo hakimi har a watse, ga kuma sallamar makaɗa da maroƙa. Wanda ba shi da isassun dawaki sai ya yi aro ko haya. A nan ne bikin yake zama abinci ga dubban mutanen da ba a ganin su a hoto: dukawa, maƙera, maɗinka, marinan Ƙofar Mata, 'yan kasuwar Kurmi masu kayan doki, har da masu sayar da ruwa da abinci a bakin hanya.

Shekarun da iyaka ta motsa

A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu: Bichi, Gaya, Ƙaraye da Rano. Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa duk suka faɗa ƙarƙashin Rano. A Babbar Sallar wannan shekara aka ga abin da hakan yake nufi a aikace, domin fadar Kano ta gayyaci hakimai zuwa hawa kamar yadda ta saba, gwamnati kuma ta ce kowane hakimi ya yi hawa a masarautarsa. Hakiman da iyayensu da kakanninsu suka saba jafi a Ƙofar Kudu sai aka umarce su da su juya akalar dawakinsu zuwa Rano.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Masu goyon baya sun ce an kawo bikin kusa da talakan da bai taɓa samun kuɗin motar zuwa birni kallo ba, kuma cinikin Sallah ya tsaya a yankin. Rano ma ba baƙuwar sarauta ba ce, tana cikin Hausa Bakwai. Masu suka kuwa sun ce an rage wa hawan Kano kwarjini, an kuma yanke wata igiya da ta daɗe tana ɗaure birni da karkara.

Ba a jima ba annobar korona ta hana hawa a 2020, shekarar da aka sauke Muhammadu Sanusi na II aka naɗa Aminu Ado Bayero. Sai kuma ranar 23 ga Mayun 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe tsarin 2019, aka mayar da Sanusi Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nasarawa, magana ta koma kotu. A watan Yuli na wannan shekara aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya kaɗai. Ma'ana, ƙasashen nan huɗu na kudu sun koma ƙarƙashin Kano kai tsaye.

Sun koma, amma ba su tarar da hawan ba. Saboda fargabar arangama tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu, 'yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallar 2024, suka sake hanawa a Sallolin 2025 duka biyu. Wato shaidar UNESCO ta zo a tsakiyar lokacin da ba a yin abin da aka ba shaidar dominsa. Hana hawa ya fi zubar da jini sauƙi, wannan babu gardama. Sai dai al'ada irin wannan a aikace ake koyon ta: yaron da zai iya tsayar da doki a gaban Sarki, da mai busa kakaki, da wanda ya san gurbin kowace sarauta a jeri, duk a filin suke gogewa, kuma baduku ba zai ci gaba da ɗinka kayan da babu mai saye ba.

Sauran bukukuwan shekara

Hawan Sallah ba shi kaɗai ne yake tara jama'a a Kano ba. Daga goma ga azumi yara da matasa sukan fita tashe, Nalako sarkin gwagware kuma ya bi gari yana farautar marasa aure. Mako guda bayan Mauludi ake Takutaha, ranar da jama'a suke hawa dutsen Dala. A watan Rabi'us Sani kuma ake Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa, inda muridai daga ciki da wajen Najeriya suke cika titunan birni da bandiri da tutoci.

Duk waɗannan da watan Musulunci suke tafiya, saɓanin bukukuwan manyan biranen Turai da ake tsarawa a lokacin zafi na kowace shekara. A ƙauyukan kudu kuwa akwai wani lissafin na daban, na gona: sai an yi kaka, amfani ya shiga rumbu, sannan ake samun sukunin dambe da kokawa da bukukuwan aure, Fulani kuma su yi sharo. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, Sallah tana zagaya damina da bazara da hunturu da kaka cikin shekara 33 ko kusa da haka, kuma inda ta faɗa yana shafar yawan mutanen da za su iya barin gona su bi hakimi. Babbar Sallar 2024 ta kama ranar 16 ga Yuni, ta 2025 kuma 6 ga Yuni, daidai lokacin da manoman Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ruwa yake riga sauka a wajensu, suke tsakiyar shuka. Masu zuwa za su riƙa ja baya zuwa Mayu da Afrilu, cikin tsananin zafin bazara, lokacin da doki yake buƙatar ruwa da inuwa fiye da ado.