Macijin Kusugu da dodon Habasha

Jama'a, duk wanda ya taso a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura ya san labarin nan na maƙwabtanmu. Bayajidda ya iso Daura da dare, ya roƙi ruwa wajen tsohuwa Ayana, ta ce macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ran Juma'a. Ya je ya sare kansa, ya auri Daurama. Daga nan sarauta ta bar hannun mata ta koma ta maza.

To, ba mu kaɗai ke da irinsa ba. Kiristocin Habasha sun daɗe suna zana Jojis bisa farin doki yana soke dodo da mashi. Raphael na Italiya ma ya zana shi wajen 1506. A wata ruwayar, dodon ruwan gari ya tare, akwai 'yar sarki, kuma da aka kashe shi garin ya sauya addini.

Kun ga ke nan, kashe maciji alama ce ta shuɗewar wani zamani da shigowar wani.

Su sun adana nasu a bango da allo. Mu kuwa maginan da ke ƙawata zaure da dagi sai ƙarewa suke, siminti ya cinye sana'ar. In tsofaffi suka tafi, me za mu nuna wa yara?